Wutar Ƙaiƙayi: Amsoshin Tambayoyinku Kan Rubuta Soyayyar da Iyaye Suka Ƙi

Wasiƙun da suka iso zauren marubuta a wannan wata kusan duk a kan abu ɗaya suka tsaya: labarin masoya biyu waɗanda kowannensu saniyar ware ne a gidansu, soyayyarsu tana tafiya a hankali, iyaye kuma sun ce ba da yawunsu ba. Mun zaɓi shida daga ciki.

Assalamu alaikum. Ina rubuta littafi mai babi 40. Yarinyar agola ce a gidan wani attajiri, saurayin kuma ɗan mahauta ne da yake karatun likitan dabbobi. Ina so soyayyarsu ta ɗauki lokaci kafin ta bayyana, amma waɗanda na ba su suka karanta sun ce sun gaji tun a babi na 9. Ina matsalar take?
Daga wata marubuciya, Zariya

Wa alaikumus salam, Malama. Akwai wutar kara, akwai wutar ƙaiƙayi. Ta kara tashi ɗaya take yi ta mutu. Ta ƙaiƙayi kuwa sama toka ce, amma ƙasa tana ci, wanda ya taka shi zai ba da labari. Irin ta biyu kike son hurawa, kuma alamu sun nuna tokar kawai kika zuba, ba ki sa garwashi a ƙasa ba. Mai karatu ba jinkiri ne yake gajiyar da shi ba. Abin da ke gajiyar da shi shi ne haɗuwa biyar a jere waɗanda ba abin da ya motsa a cikinsu.

Ɗauki takarda ki jera duk inda su biyun suka haɗu daga babi na 1 zuwa na 9. A gaban kowace haɗuwa ki rubuta, a layi ɗaya, abin da ya canza bayanta. Ta san wani abu game da shi da ba ta sani ba da? Ɗaya ya ci bashin alherin ɗaya? Wani ya gan su? Duk haɗuwar da kika rasa abin rubutawa a gabanta, ki cire ta ko ki haɗe ta da ta kusa da ita. Yawanci a nan kashi ɗaya cikin uku na farkon littafi yake zubewa, kuma littafin ya fi lafiya bayan haka.

Ga rabon da yake aiki a littafi mai wannan tsawo. Babi biyar na farko, mu ga kowannensu a gidansu, shi kaɗai da ciwonsa. Agola ta san kwanonta daban yake, ta san in an zo rabon kayan Sallah nata ne na ƙarshe, ta san mahaifiyarta ba ta iya tsaya mata saboda ita ma zaman lallaɓa take yi. Shi kuma a makaranta ana tsokanarsa da ƙarnin nama, a gida ana ce masa ya raina wuƙar ubansa. Sai ki haɗa su saboda wata buƙata, ba saboda kyau ba: ragon layya ya kwanta ciwo kwana uku kafin Sallah, ita aka aika ta kira mai dubawa don ita ce 'yar aiken gidan. Daga babi na 6 zuwa wajen na 18 su riƙa haɗuwa da dalili, kowane karo da ɗan abin da ya ƙaru. Kada ɗayansu ya furta kalmar so kafin tsakiyar littafi, wajen babi na 20 zuwa 22. Ƙin iyaye na farko ya biyo baya da babi biyu ko uku, kada ya daɗe.

Tsanin da zai hau da ke kuwa yana nan cikin al'adarmu, ba sai kin aro daga waje ba. Dubi kiran suna. Da farko "Malam" take ce masa, kamar kowa. Daga baya ta kira sunansa sau ɗaya, cikin gaggawa, ba ta lura ba. Can gaba sai ta daina iya faɗin sunan gaba ɗaya, ƙawarta ta ambace shi ita kuma ta sunkuyar da kai ta ce "shi". Duk Bahaushen da ya karanta wannan ya san an gama, domin ya san wa mace take jin nauyin kiran sunansa. Haka gaisuwa: ta babi na 6 kalma uku ce, ta babi na 16 har ta kai ga tambayar jikin kakarsa. Haka ɗan aike: ranar farko ƙanenta ya shigo ya ce wani yana sallama, bayan wata biyu ya shigo yana murmushi da alawa a hannu bai ce komai ba.

Ga misalin yadda ake nuna abin a kusa. Ya gama yi wa ragon allura, ta kawo masa ruwa a buta da sabulu. Ya wanke hannu sau ɗaya, ya sake wankewa, ya shinshina tafinsa a ɓoye ya sake kai hannu ga sabulun. Ta ce, "Ai ya fita tun na farko." Ba a ambaci so ba, amma ta ga abin da yake ɓoyewa, shi kuma ya san ta gani ba ta yi dariya ba. Irin wannan guda goma sun fi shafi talatin na bayanin bugun zuciya.

Mahaifin yarinyar da ke labarina ya ƙi saurayin saboda asalinsu wanzamai ne. Wani abokina ya ce uban ya fito kamar dodo, ba kamar mutum ba. Kuma ina so in san ko a shari'a yana da ikon hanawa.
Daga wani malamin makaranta, Maraɗi

Malam, abokinka ya yi maka gaskiya, kuma wannan ita ce cutar da ta fi kama irin waɗannan littattafai. Uban da ba ya yin komai sai tsawa da zare ido ba ya ba mai karatu tsoro. Wanda yake ba da tsoro shi ne uban da yake son 'yarsa, yake sayo mata tsire in zai dawo gida, kuma ya ce a'a cikin sanyin murya.

Ka ba shi dalili uku, mataki-mataki. Na farko wanda yake faɗa a bainar jama'a: yaron bai da aikin kirki tukuna. Na biyu wanda yake faɗa wa matarsa da dare: me zai ce wa 'yan'uwansa, kuma ƙannenta mata uku suna tafe, wa zai nemi aurensu in aka ce gidan sun haɗa jini da wanzamai? Na uku wanda ba ya faɗa wa kowa, wataƙila ko kansa: ya taɓa yi wa amininsa alkawarinta, ko akwai bashin da ya ɗaure shi, ko ƙanwarsa ta taɓa yin auren so ta dawo da 'ya'ya huɗu a hannunsa. Ka bayyana su a jere, tsakanin kowanne da na gaba kamar babi shida. Idan mai karatu bai taɓa cewa a ransa "wallahi tsohon nan yana da hujja" ko sau ɗaya ba, ba ka gama gina shi ba.

Batun shari'a kuwa, a mazhabar Malikiyya da ake bi a ƙasar Hausa, aure ba ya ƙulluwa sai da waliyyi da sadaki da shaidu, kuma mafi ƙarancin sadaki rubu'in dinari ne, kamar yadda ɗalibai suke karantawa a Risala. Uba yana da ikon tilasta wa 'yarsa budurwa, amma ba shi da wannan iko a kan bazawara baliga, sai da yardarta. Hadisin Khansa'u 'yar Khizam da ke cikin Bukhari a kan haka yake: mahaifinta ya aurar da ita tana bazawara ba ta so, Annabi (SAW) ya warware auren. Don haka tun kafin ka fara rubutu ka yanke shawara, jarumarka budurwa ce ko bazawara, domin ƙarfin da take da shi a gaban mahaifinta ya dogara da wannan.

Sannan dacewar ma'aurata, wato kufu'i, a mashahurin zancen Malikiyya addini ne da kuɓuta daga aibin da ke sa a fasa aure. Sana'ar gado ba ta ciki. Uban da ya ƙi wanzami ko maƙeri ko mahauci ko ɗan makaɗa, da al'ada ya riƙe, ba da littafi ba, kuma shi ma ya san haka. Wannan taska ce ga marubuci, musamman in uban mai zuwa sahun farko ne. Ka sa limamin unguwa ya tuna masa hadisin nan da ya ce in wanda aka yarda da addininsa da halinsa ya zo a ba shi, ka bar mu mu ga fuskarsa lokacin da ya rasa amsa amma bai sauko ba. Waliyyin da ya hana mace auren wanda ya dace da ita ba da hujja ba, alƙali yana iya umartarsa ya aurar, in ya ƙi alƙali ya ɗaura. Amma ga uban budurwa malamai sun tsananta: mayar da mai nema ɗaya ko biyu bai isa a kira shi mai hanawa ba, sai an tabbatar yana cutar da ita.

Wani abu da sababbin marubuta suke mantawa: uba shi ne yake ji a ƙarshe. Magana takan fara daga ƙanwa ko ƙawa, ta kai ga uwa, uwa ta kai wa gwaggo, kuma sau da yawa baffa ne yake karɓar masu neman aure har ya ba da ita. Ka kuma zaɓi gaɓar da ƙin zai faɗo, don kowace da nata zafin. Hana zance a ƙofar gida abu ne mai sauƙi. Mayar da kuɗin gaisuwa ya shafi manya. Fasawa bayan baiko da sa rana ya zama zancen unguwa. Mayar da akwatunan lefe kuwa gaba ce tsakanin gida biyu da za ta iya kai shekaru.

Ina so in rubuta soyayyar da ba za ta taɓa yiwuwa ba. Na yi tunanin a ƙarshe a gano sun sha nono ɗaya. Ko kuwa gwajin jini ya fi?
Daga wata ɗaliba, Gombe

'Yar'uwa, waɗannan biyun labari biyu ne daban, kada ki ɗauke su kamar ƙofa biyu ta ɗaki ɗaya.

Shayarwa haramci ne na har abada. A Malikiyya ko sau ɗaya nonon ya isa cikin jariri a cikin shekara biyun farko, ya haramta. Ba kaka, ba liman, ba alƙalin da zai buɗe wannan ƙofa. Saboda haka labarin ya daina zama na ƙin iyaye, ya koma na ƙaddara da na wanda ya ɓoye sirrin. In za ki bi ta nan, dole ki shuka alamar tun farkon littafi: mahaifiyarsa ta kwanta asibiti yana jariri, maƙwabciya ta riƙe shi mako biyu, an ambata an wuce. In kika fito da wata tsohuwa daga ƙauye a babi na ƙarshe ta faɗi maganar da ba a taɓa jin ƙamshinta ba, mai karatu zai ji kin yaudare shi, kuma yana da gaskiya.

Gwajin jini ya fi wahalar rubutawa, kuma a ganinmu ya fi amfani. In su biyun AS ne, wato kowannensu yana ɗauke da ƙwayar gadon sikila ba tare da yana da ciwon ba, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo da SS, wato sikila. Ki lura da kalmar "kowane": ba wai in sun haifi huɗu ɗaya ne kawai zai kamu ba, ana iya samun uku a jere, ana iya rasa ko ɗaya. Littattafai da yawa suna kuskuren nan. A Jihar Kano an sa hannu a kan dokar gwajin lafiya kafin aure a 2024, wadda ta haɗa da gwajin jini na sikila da ciwon hanta da cuta mai karya garkuwar jiki, don haka in labarinki a Kano yake kuma a wannan zamani, dole takardar gwaji ta fito kafin ɗaurin aure. Kyawun wannan hanya shi ne iyayen da suka ƙi suna da gaskiya, masoyan ma sun san haka. Ki sa ɗaya daga cikinsu ya kasance yana da ƙane mai sikila, ya sha kwana a asibiti yana riƙe da shi lokacin sanyi. Daga nan ba sai kin ƙirƙiro mugu ba.

Akwai hani na uku da ba ki ambata ba, mai iyakar lokaci, kuma ya dace ƙwarai da soyayya mai tafiyar hawainiya: takaba. Wata huɗu da kwana goma, ba a yarda namiji ya fito fili ya nemi aurenta ba, sai dai shaguɓe na mutunci, kamar yadda aya ta 235 ta Suratul Baƙara ta nuna. Kin samu kwana wajen 130 da ba wanda ya isa ya furta komai, kuma ba ke kika ƙirƙiro shirun ba.

Har ina zan iya kaiwa wajen nuna kusancinsu kafin aure?
Daga wani matashi, Kaduna

Ɗan'uwa, tsaya a inda masu tarbiyya irin jarumanka za su tsaya da kansu. Wannan ba don tsoron masu tace littattafai kawai ba ne, kodayake marubutan Kano ba su manta da ƙona littattafan soyayya da aka yi a 2007 ba. Dalilin na sana'a ne: da zarar sun ƙetare iyaka, uban da ya ƙi ya samu hujja, mai karatu kuma ya koma bayansa. Tazarar tabarma tsakaninsu a zaure, da ƙanenta da aka zaunar a bakin ƙofa, su ne itacen wutarka.

Na shirya a ƙarshe a gano saurayin ɗan wani babban mai kuɗi ne da ya ɓata tun yana yaro, sai iyayenta su yarda. Ya yi?
Daga wata uwargida, Sakkwato

Hajiya, muna roƙonki kada ki yi haka. Kin ɗauki babi talatin kina nuna mana cewa talaka mai hali ya cancanci a ba shi, sannan a babi na ƙarshe ki ce ashe dai ba talaka ba ne. Kin tabbatar wa uban maganarsa ke nan: da yaron ɗan talakan gaske ne, da bai samu ba. Duk yarinyar da ta karanta tana son ɗan tela na gaske, kin bar ta hannu rabbana. Irin wannan ne kashe uban a haɗarin mota, ko a ce ashe kishiya ce ta yi masa asiri, a karya asirin ya farka yana kuka. Duka hanyoyin gudu ne.

Uba yana saukowa ne in wani abu ya sa riƙe matsayinsa ya fi sakinsa tsada. Ki shirya abu uku. Na ɗaya, wanda yake jin nauyinsa: mahaifiyarsa in tana raye, ko yayansa, ko malaminsa, ko aminin da suka tashi tare. Na biyu, wani aiki da saurayin ya yi wanda uban ya gani da idonsa, ba labari aka ba shi ba, kuma ya fi kyau saurayin bai san ana kallonsa ba. Na uku, ƙofar da zai fita da mutuncinsa. Dattijo ba ya cewa "na yi kuskure" a gaban 'ya'yansa. Abin da zai yi shi ne ya ce wa ƙanensa, "Yarinyar nan 'yarka ce, ka yi abin da ka ga ya dace," ya tashi ya shiga ɗaki. Wannan jumla ɗaya yarda ce, kowa a gidan ya gane.

In kuma kika zaɓi yarinyar ta kai ƙara, gaban Hisba ko gaban alƙali, to ki biya kuɗin abin a cikin labari. Za ta iya samun auren ta rasa gida. Wa zai yi mata kayan ɗaki? Wa zai kai gara? In ta haihu na fari, gidan wa za ta je wankan jego na kwana arba'in, wa zai dafa mata ruwan da kunun kanwa? Babi ɗaya da za a ga uwar mijinta tana yi mata wankan, ita kuma tana sauraren ko za a yi sallama da muryar mahaifiyarta, ya fi duk wata muhawarar kotu taɓa zuciya. Kuma kalmar nan ta "ban yafe nonona ba", ko "Allah ya isa" daga bakin uwa, sau ɗaya tak ake amfani da ita a littafi. In ta fito sau uku ta zama iska.

Ba dole ba ne kuma kowa ya yarda a ƙarshe. Uwa ta sauko, uba ya halarci ɗaurin aure bai yi magana ba, gwaggo ta ƙi zuwa har abada. Haka gidaje suke.

Ina sakin labarina kullum a WhatsApp da Wattpad. Masu karatu sun dame ni da "a haɗa su haka nan". Ina jin tsoron su gudu.
Daga wata marubuciya, Kano

Malama, wanda ya rubuto miki yana roƙon a haɗa su bai gudu ba, kuma ba zai gudu ba. Wanda ya yi shiru shi ne abin tsoro. Kafin ki saki shafin farko ki rubuta jerin babinki duka, ki sa alama a wurare huɗu: haɗuwar farko, furta so, ƙin iyaye, da warwara. Waɗannan kada ki matsar da su saboda sharhin kowa. Ki kasance kina da aƙalla fitowa goma a ajiye gaba da wadda kika saki, don ranar da aka matsa miki ba za ki rubuta cikin firgici ba. Kowace fitowa, kalma 1,200 zuwa 1,800 ta isa, kuma a kowace uku ki ba su ɗan abin riƙewa: ya ajiye mata maganin tarin kakarta a hannun mai shago bai bar suna ba, ko ta kare shi a gaban yayarta ba ta san ta yi ba. Ki rage rufe shafi da suma da haɗari da ƙarar waya cikin dare. In kin yi biyu a littafi ɗaya sun isa. Rufe da abin da ya canza tsakaninsu, ko da saƙon da ta rubuta masa ta goge sau uku, ta tura "Ya jikin Inna?" kawai.